Bolt Dubu na Baba

Amman,
Farkon Satumba.

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya. Ya bayan naki? Ya jikin Baba, yana dai shan maganin hawan jinin ko yana ɓoyewa a aljihu? Ki gaishe mini da ɗan'uwana Ayham da matarsa da jikokinki masu hana ki barcin rana. Ni lafiyata ƙalau, ban da haushi da ke cina.

Wasiƙarki ta iso ta hannun direban bas tare da kwalbar zaitun. Tunda kin ce maganar waya iska ce, kunnenki ma ba ya kama ta, to ga takarda, ki zauna da kyau don tana da tsawo.

Abin da kika rubuta game da gona ya tsaya mini a rai. Kin ce idon ruwa ya koma ɗigo, layin rumman na ƙasa yana zubar da ganye, har Baba ya yi magana da mai gawayi ya zo ƙarshen wata in ba a ji labarin famfo ba. Umma, rumman ɗin da Kaka ya dasa da hannunsa? Na san hujjar Baba, gara a sare tun itacen yana da amfani da a bari ya mutu a tsaye. Amma don Allah ki riƙe mini shi. Hukumar ruwa za ta rufe jerin ƙauyukan da za a saka wa famfon sola bana a ƙarshen watan nan. In rahoton kamfaninmu ya shiga, ruwa zai zo da bazara. In bai shiga ba sai wata shekara, kuma ni da ke mun san bishiyoyin nan ba za su ga wata shekarar ba.

Kin tambaya a ina aikin ya tsaya. Ya tsaya a kan lamba ɗaya tak.

Kafin a sayi wayar wuta ko taku ɗaya, sai mun gina aikin duka a cikin kwamfuta: allunan sola a kan tudu, ɗakin batura, layin da zai gangara rijiyoyi, da famfunan. Wutar ba irin ta gari ba ce, irin ta batir ce mai tafiya gefe guda. Wayoyi uku ne, biyu a gefe ɗaya a tsakiya. Daga ta gefe zuwa ta tsakiya ƙarfin wutar bolt ɗari bakwai da hamsin ne, daga gefe zuwa gefe kuwa dubu da ɗari biyar. Mu a aikinmu sai mun zaɓi ma'auni a kowace mahaɗar wayoyi, mu ce wa kwamfuta wannan shi ne cikakken ɗaya, komai ta auna da shi. Kamar garwar man zaitun ce. In kin ce kin samu garwa goma kowa ya gane, don garwar ƙauye ɗaya ce. Amma in ke babbar garwa kike nufi, mai saye yana nufin rabinta, ai sai an raba ku.

Masu kamfaninmu su biyu ne. Dokta Munzir ya tsara ɓangaren sola da batura, ya ɗauki dubu da ɗari biyar. Injiniya Abu Laith ya tsara layi da famfuna, ya ɗauki ɗari bakwai da hamsin. Wallahi babu wanda ya yi kuskure, kowa daidai yake a ɗakinsa. Ni aka ba haɗawa. Da na sa lambar Dokta, kwamfuta ta ce layin zai cinye wuta ninki huɗu, famfon rijiyar ƙasa ko tari ba zai yi ba. Da na sa ta Abu Laith, ta nuna komai ya fi gaskiya kyau, irin kyan da in aka gina a kansa waya za ta ƙone.

Gyaran aikin yamma ɗaya ne. A zaɓi lamba guda, in juya lissafin ɗaya ɓangaren ya koma kanta, su biyun su sa hannu. Matsalar ita ce mutanen nan tun bayan sallar layya ba sa ga maciji da juna. Gobe zan shiga in same su ɗaya bayan ɗaya. Ki sa ni a addu'a.

Allah ya bar mini ke.

'Yarki,
Sawsan

Amman,
Tsakiyar Satumba.

Ummata,

Sallama da gaisuwa. Ina fata bayan naki ya yi sauƙi, Baba ma yana lafiya. Na ji daɗi da kika ce an yi yayyafi, ko da yake kin ce ko ƙasa bai jiƙa ba.

Addu'arki dai ba ta iso ofishinmu ba tukuna, wataƙila tana cikin cunkoson motoci.

Na gano asalin faɗan. Lokacin da ɗan Dokta zai yi aure, kowa ya ɗauka Abu Laith ne zai jagoranci tawagar neman aure, shi zai ajiye finjalin gahawa ya roƙi yarinyar. Abokai ne tun suna ɗalibai, tare suka kafa kamfanin a ɗaki ɗaya da teburi ɗaya. Har sabuwar kwat Abu Laith ya ɗinka. Sai Dokta ya ɗauko wani tsohon ɗan majalisa ya sa a gaba, aka zaunar da Abu Laith a layi na uku kusa da ƙofa. Tun ranar ba ya kiran sunansa, sai dai ya ce Farfesa, shi kuma Dokta ya ce mai famfo. Ofisoshinsu suna kallon juna, teburina yana tsakiya, duk saƙon da zai wuce ta kaina yake bi.

Na fara shiga wurin Dokta. Ya saurare ni yana goge tabarau, ya ce, "'Yata, me aka rubuta a jikin ɗakin batura? Dubu da ɗari biyar. Ni na karantar da abin nan tun ba a haife ki ba. Ki ce wa mai famfo ya koma ya buɗe littafi, in bai sayar da shi ba."

Na tsallaka wurin Abu Laith. Ya ce, "Ki ce wa Farfesa famfo ba ya karatu. Ɗari bakwai da hamsin yake sha, da ita zai jawo ruwa. In yana so ya zo ya tsotsa da bakinsa a kan dubu da ɗari biyar, bismillah."

Na ce masa, Baffa, ai duk wadda aka ɗauka amsa ɗaya za ta fito, lambar nan ba ta ƙara wa waya kauri ba ta rage. Ya ce, "To madalla. Tunda duk ɗaya ne, a ɗauki tawa." Na koma na faɗa wa Dokta haka. Kin san me ya ce? Kalma a kan kalma abin da Abu Laith ya faɗa. Mutum biyu ba sa magana amma bakinsu ɗaya.

Babu dabarar da ban yi ba. Na juya lissafin a ɓoye zuwa lambar Dokta, na kai wa Abu Laith ya sa hannu, ina fata ba zai lura ba. Bai duba sakamako ba, bai duba zane ba, shafin ma'auni ya fara buɗewa, ya turo mini takardun da ɗan yatsa ɗaya. Na juya zuwa tasa na kai wa Dokta, ya ce in ɗauke kafin ya ɓata mini suna. Na ce to a rubuta duka biyu a shafin, sai aka koma rigimar wacce za ta zo a sama. Na sayo kunafa mai zafi, kayan zaƙin nan na cuku, na kai wa kowa, suka cinye tas, suka sa mini albarka, ko gezau. Har gidan Abu Laith na je. Matarsa ta cika ni da shayi, ta ce, "Sawsan, in kin samo yadda ake juya kan mutumin nan, ki dawo ki koya mini, ni ma ina nema."

Na faɗa musu maganar gonarmu. Na ce ƙauyenmu ne, bishiyoyin kakana ne. Kowannensu ya dafa ƙirji ya ce shi ai a shirye yake yau ɗin nan, wancan ne ya hana ruwa gudu. Jiya na shiga bayi na kulle na yi kuka, ba don tausayi ba, don takaici. Na yi shekaru ina karatun wuta, ashe abin da ya kamata in karanta shi ne yadda ake lallashin tsofaffi.

Zan ci gaba da ƙoƙari. Abu ɗaya nake roƙonki, kada ki karanta wa Baba wannan wasiƙar. Kin san halinsa.

Ki huta lafiya.

Taki,
Sawsan

Amman,
Makon ƙarshe na Satumba.

Umma,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, kuma Baba ya iso gida lafiya. Gaisuwar ke nan yau, don ina da magana da ke.

Na ce kada ki karanta masa. Na rubuta da babban baƙi. To na san yanzu yana zaune a ƙofar gida yana ba maƙwabta labari yadda ya ga dama, bari ki ji na gaskiya daga bakin wadda abin ya faɗa wa.

Ranar Lahadi da hantsi ina kan kwamfuta, sai na ji muryar da na sani a bakin ƙofa tana tambayar ina manyan gidan. Na ɗaga kai, ga Baba da alkyabbarsa ta zuwa biki da jan rawani, ga Baffa Mufleh a damansa, ga dagacinmu a hagu yana dogara sanda. Da ƙasa ta tsage da na shige. Na taso da sauri na ce, Baba, me ya kawo ku? Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Ba wurinki muka zo ba, Injiniya. Koma kan aikinki."

Baƙi dattawa sun zo tun daga yankinmu na Tafila, babu yadda masu gida za su yi. Dokta ya fito, Abu Laith ya fito, karo na farko tun sallah suka shiga ɗaki ɗaya, kowa ya kama ƙarshen teburi. Aka kira ni in zauna. Mai gahawar ofis ya shigo da buta ya zuba wa Baba. Baba ya karɓi finjalin da hannun dama, ya dube shi, ya ajiye a kan tebur bai kai baki ba. Baffa Mufleh ya ajiye nasa. Dagaci ma haka.

Umma, a ɗakin taro. Ƙarƙashin allon da muke zana layukan wuta. Ko ɗan Amman da bai taɓa ganin akuya ba ya san abin da hakan ke nufi: baƙo yana da buƙata, ba zai sha ba sai an biya masa, kuma mai gidan da gahawarsa ta huce a gaban baƙo ya ji kunyar da za ta bi 'ya'yansa.

Dokta ya yi gyaran murya ya ce wa Baba, "Abu Ayham, sha gahawarka, abin da ya kawo ka ya samu."

Baba ya ce, "Gidan nan na mutum biyu ne. Na ji baki ɗaya."

Abu Laith ya ce, "Sha, Hajji. Ko wuyana ka zo nema, naka ne."

Baba ya ce, "Wuyanka ya yi mini me? Hannunku nake so a kan takarda ɗaya, ƙauyena ya sha ruwa."

Nan fa aka koma ruwa. Abu Laith ya ce hannunsa a shirye yake a kan ɗari bakwai da hamsin. Dokta ya ce nasa a kan dubu da ɗari biyar. Wannan ya tashi ya yi zane a allo, wancan ya tashi ya goge. Baba yana zaune ya harɗe hannu, finjali yana gabansa. Aka kira azahar, suka yi salla, suka dawo suka zauna a gaban finjalan nan. Mai gahawa ya zo zai canza da mai zafi, Baba ya ɗora tafinsa a kai. Ma'aikata suna leƙe ta gilashi. Na ga gumi yana bin wuyan Dokta duk da sanyin na'ura, shi kuwa Abu Laith ya kasa ɗaga ido daga kan finjalin dagaci. Kowannensu yana son kuɓuta, amma babu mai son a ce shi ya sauko.

Can sai Baba ya juyo gare ni, ya ce, "Injiniya, tambaya ɗaya. Lambar nan saukar da ita aka yi daga sama, ko mutum ke zaɓa?"

Na ce mutum ke zaɓa.

Ya ce, "In aka ɗauki wata dabam, ba ta wannan ba, ba ta wancan ba, famfo zai ƙi tashi?"

Baki shi ke yanka wuya, Umma. Da na yi shiru. Amma ke kika hore ni da faɗin gaskiya, sai na ce a'a, kowace lamba za ta yi muddin kowa ya auna da ita.

Baba ya buga gwiwa ya ce, "To dubu. Ba taka ba, ba tasa ba, tawa ce, ni baƙonku. Wa zai hana baƙo?"

Dokta ya dubi Abu Laith. Abu Laith ya dubi Dokta. Dokta ya ce, a ilimance dai babu abin da ya hana. Abu Laith ya ce dubu lamba ce mai mutunci. Suka haɗa baki suka ce, "Sha gahawarka, Abu Ayham." Baba ya ɗaga finjalin nan mai sanyi ya shanye, aka zuba masa mai zafi ya sha, ya ƙara, gahawar da likita ya hana shi. Aka karanta Fatiha. Dokta ya zagaya teburi ya sumbaci kan Abu Laith yana cewa wai ɗan majalisar nan surukai ne suka matsa masa, Abu Laith yana share ido yana cewa ai kwat ɗin tana nan, akwai auren ƙaramin ɗan Dokta a gaba. Daga nan suka kwashi baƙi aka tafi cin mansaf, shinkafa da naman rago.

Ni aka bari da kwamfuta. Kin gane abin da Baba ya yi mini? Da an ɗauki lambar ɗayansu, rabin aikin zan juya. Yanzu duka biyun zan juya, kowace waya, kowace mahaɗa, kowane batir. Ga shi kwamfuta ta saba lafiyayyar wuta ita ce ɗaya, ta ɗan haura ko ta ɗan gaza. A ma'aunin Baba lafiyayyar wuta ɗaya da rabi ce, don haka tana ta yi mini jan rubutu wai komai zai fashe, sai na bi iyakokin ɗaya bayan ɗaya na gyara da hannu. Da suka dawo suna warin man shanu, su biyun suka tsaya a kaina kafaɗa da kafaɗa. Dokta ya ce, "Sawsan, har yanzu ba ki gama ba? Lokaci fa yana tafiya." Abu Laith ya ce, "Yaran yanzu sai a hankali." Na danne zuciyata na ce in sha Allahu.

Hukuma za ta rufe ranar Alhamis. Ban sani ba ko zan kai. Kada ki bar mai gawayi ya taka gonar nan kafin ki ji daga gare ni.

'Yarki da kika tona wa asiri,
Sawsan

Amman,
Farkon Oktoba.

Ummata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar da na rage a waccan wasiƙar, ki yafe mini zafin baki. Ya gida, ya yara, ya Baba mai dubu?

Ki aika a gaya wa mai gawayi ya nemi wata gonar. Rahoto ya shiga ranar Alhamis da hannu biyu a kansa, jiya kuma sunan ƙauyenmu ya fito a jerin bana. Sakamakon ya fito daidai, rijiyar ƙasa za ta samu wutarta, wayar da aka zaɓa ba ta yi siriri ba. Sun ce za a fara haƙa ramin layi bayan an gama tsinkar zaitun.

Injiniyar hukuma da ta duba aikin ta kira ni. Ta ce ta ga rahotanni iri-iri, ba ta taɓa ganin layin dubu da ɗari biyar da aka auna da dubu ba, daga wane littafi muka samo? Na ce mata dattawa ne suka yanke a kan gahawa. Sai ta ce, "To kada a taɓa." Haka na rubuta a gefen lambar a cikin kwamfuta, don wanda zai gaje ni kada ya ce zai gyara ya tayar da yaƙi. Sunana ne dai a kan aikin, duk injiniyan da ya buɗe zai ce Sawsan ba ta san lissafi ba. Na haƙura. Su kuwa tsofaffin nan yanzu tare suke karin kumallo, sun mayar da teburina wurin ajiye faranti.

Yanzu saura ke. Ranar da na raka Baba tasha, yana ta cika baki, sai magana ta kuɓuce masa. Ya ce ai rumman ɗin ba don ke ba da tuni sun mutu. Na matsa masa, ya faɗa. Ashe tun watan Yuli ruwan wanke-wanke da na alwala kike tarawa, ki ɗauka a bokiti ki gangara har layin ƙasa, safe da yamma. Ni kuma ina nan kowace wasiƙa ina tambayar ya bayan naki, kina ce mini tsufa ne. Kin iya karanta wa Baba sirrina, amma naki kin ɓoye mini wata uku. Na ji haushinki, Umma, na kuma ji kunyar kaina, ina faɗa da lambobi a ɗaki mai sanyi ke kina hawa tudu da bokiti.

Famfo sai bazara. Kafin nan ni da Ayham za mu ɗauki ruwan. Na sayi jarkoki, na cika bayan mota da su, zan riƙa zuwa duk Juma'a, shi kuma ya riƙe sauran kwanakin, na riga na yi masa magana kuma bai isa ya ƙi ba.

Na san ki. Za ki ce to, in na juya baya ki ɗauki bokiti. Don haka ki shirya. Ranar Juma'a in na iso kika zuba mini gahawa, zan karɓa da hannun dama in ajiye a gabanki. Ni 'yar Abu Ayham ce, na ga yadda ake yi, kuma na fi shi haƙurin zama.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya raya mana rumman.

'Yarki mai zuwa da buƙata,
Sawsan